Kawu Festy Mai Ɗebo wa Matattu Ruwa

Na dawo Kilmoyra daga jami'a a Dublin cikin kakar 1920 da wata tambaya da ta hana ni sakat: shin mutanen garinmu suna tare da mu masu yaƙi da mulkin Ingila, ko haƙuri kawai suke yi da mu? Kowace Lahadi nakan tsaya a ƙofar coci ina yi musu bayanin 'yancin ƙasa, su yi ta gyaɗa kai, in na gama su tambaye ni ko na ga alamar hadari. 'Yan sandan Ingila kam an ƙaurace musu, ba gaisuwa, ba ciniki, ba magana. Amma da an ambaci harbi sai kowa ya ce abu ne mai kyau ƙwarai, muddin a wani gari za a yi shi.

Shugaban 'yan sa-kanmu, Con Hehir kafinta, ya samo 'yan bindigogi da ake so su isa hannun mutanenmu da ke ɓoye a kan duwatsu, ga shi hanyar ta gaban barikin 'yan sanda ta bi. Ni na kawo shawara, na kuma yi alfahari da ita. Ina da wani kawu, Festy, da ya tafi Liverpool tun kafin a haife ni, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Na ce a yaɗa cewa ya rasu an kawo gawarsa gida, a zuba bindigogin cikin akwatin gawa, a binne shi sama-sama a tsohuwar makabartar gindin dutse, washegari a tono.

Na ɗauka mu kaɗan za mu raka shi, na manta cewa a Kilmoyra ba a barin jana'iza ta wuce. Gari ya fito kaf. Mata suka yi ta kukan mutumin da yawancinsu ba su taɓa gani ba, wata tsohuwa har ta shaida mini da ita ya so ya aura. Sai daga baya na gane babu wanda bai san abin da ke cikin akwatin ba.

Muna isa bariki Saje Lavelle ya fito. Al'adarmu ce duk wanda ya haɗu da gawa a hanya ya juya ya raka ta ko da kaɗan ne, shi kuwa Saje, duk da kakinsa, ɗan ƙasar nan ne. Ya cire hula ya bi mu. Ya matsar da mai ɗaukar gaban akwatin ya sa tasa kafaɗar. Babu wanda ya iya hana shi, domin ba ma yi masa magana. Na bi bayansu ina tunanin igiyar rataya, da yadda za ta zauna a wuyan mutum mai digiri.

A mararraba muka hango wata jana'izar, ta gaske, tana tahowa ta hanyar kogi: gawar Dinny Mulqueen, manomi gurgu, da matarsa Honor a bayansa. Kowa a nan ya yarda cewa wanda aka binne ƙarshe shi ke ɗebo wa sauran matattu ruwa, ba hutu, har sai an kawo wani ya karɓe shi. Na karanta falsafa, na san matsayin wannan magana. Na buɗe baki in ce mu dakata, amma 'yan Mulqueen sun riga sun fara sassarfa.

"Ku ɗaga ƙafa, ragwaye," in ji Saje, ya zuba da gudu.

Ban taɓa ganin 'yan sa-kai sun bi umarnin ɗan sanda da zuciya ɗaya irin ta ranar ba. Kawu yana ƙwaramniya a ciki kamar buhun cokula, mata suna ƙara ƙarfin kuka don su rufe ƙarar. Muka riga su shiga ƙofar makabarta.

Honor ta iso tana haki, ta karɓi shebur daga hannun mai haƙa kabari, ta tsaya a gabana.

"Farfesa, Dinny da ƙafa ɗaya da rabi ya yi rayuwarsa. Ba zai ɗauki bokiti a lahira ba. Ka fitar da kawunka ya jira, ko in buɗe in yi masa bankwana. Na san shi yana yaro, ina so in ga ko ya canja."

Con ya raɗa mata cewa ai ta san wannan kawun ba shi da hannun ɗaukar bokiti. Ta ce in har ya isa ya ruɗi masu rai, ya isa ya ruɗi matattu, kafin su gane an kawo wani. Saje, da yake babu mai amsa masa, ya dubi sama ya shaida wa gajimare cewa a doka gurgu ake ba hanya. Muka ja da baya da akwatin. Aka binne Dinny, sannan aka binne Kawu. Da Saje zai tafi ya tsaya kusa da ni yana murza kafaɗa, ya ce wa bangon makabarta mamacin nan ƙashi ya yi masa yawa, in kuma ya tashi, gara ya bi hanyar dutse kada ya biyo ta bariki.

Washegari da hantsi muka zo da shebur, muka tarar da Honor zaune kan kujera bisa kabarin tana saƙa, rabin gari a bayanta. Hujjarsu a fili take: in Festy ya fita, Dinny ya koma na ƙarshe. Tun da na dawo nake neman ranar da zan ga ra'ayin jama'a ya haɗu wuri ɗaya, ga shi na gani. Con ya ce a ɗauke ta da kujerar. Na dubi fuskokin, na tuna cewa su ke ba mu dankali da madara, a rumbunansu muke kwana in an fito farautarmu, shirunsu kuma shi ne iyakar garkuwarmu. Aka yi yarjejeniya: Kawu zai tashi ranar da aka binne wani.

Hankalin kowa ya koma kan Peadar Fahy, tsoho tukuf, wanda limamin coci ya riga ya yi masa addu'ar ƙarshe. Mutanen kan duwatsu suna aiko da tambaya, ni kuma ina zuwa duba shi kullum. Da ya ga yadda matasa suka damu da shi sai ya ji daɗi, ya fara cin ƙwai, ya tashi zaune. Da bazara ya shuka dankali. Hunturun nan duka ko mura babu wanda ta kashe a Kilmoyra, kamar an haɗa baki. A watan Yuli aka tsagaita wuta da Ingila, bindigoginmu suna ƙasa ba su taɓa yin tari ba.

Har yau nakan kwana ina auna ko garin ya ci amanarmu ne ko ya tsare mu, ban kai ga matsaya ba. Jiya na haɗu da Peadar yana dawowa daga gona da fartanya a kafaɗa.

"Yaya Festy?" ya ce. "Ka ce masa ya ƙara haƙuri, ɗana, ban shirya ba tukuna."