Fartanya Goma Sha Uku

Duk wanda ya taso a Ƙofar Doka ya san giɓin Malam Jalo kafin ya san sunansa. Haƙora biyu ne na gaba, kuma ba tsufa ne ya cire su ba. Gwiwar hannun Bahago na Gyallesu ce ta yi wannan aika-aika a filin zari-ruga, tun su biyun suna samari. Tun daga ranar ba sa ga-maciji. In sun haɗu a wurin jana'iza, kowa miƙa hannu yake yi yana kallon wani gefe.

Zari-ruga kuwa, ga wanda bai taɓa gani ba, ƙwallo ce mai siffar gwanda. Ka rungume ta ka ruga, ƙarti goma sha uku su bi ka su maka da ƙasa. Wani Bature malamin kwaleji ne ya koya wa 'yan birni, da zai koma ƙasarsu ya bar musu ƙwallo biyu da dogayen turakun ƙarfe huɗu na gola. Kulob biyu ne suka rayu a duk Zariya, na Ƙofar Doka da na Gyallesu. 'Yan Gyallesu tuni gine-gine suka cinye musu fili, don haka duk wasan da za a yi, a Ƙofar Doka ake yin sa, a ci juna, a zagi juna, a watse. Malam Jalo, malamin firamare ne da rana, amma da la'asar shi ne uban kulob, shi ne mai horarwa, shi ne mai ɗinke ƙwallo in ta yage.

Filin ma ba nasu ba ne. Aro ne. Marigayi Alhaji Inuwa ne ya ba su, nan bayan ganuwa, bisa sharaɗi guda: kowace damina, ranar noman firi, kulob ya kawo mutum goma sha uku da fartanyoyinsu su nome masa gonar dawa. Shekarar da aka fasa, fili ya koma gida. Da ya rasu, matarsa Hajiya Uwa ta riƙe maganar yadda ya bar ta. Ɗansu Shehu kuwa ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan filin, shaguna yake so ya jera. Har yashi ya sa an zube a gefe, wai ajiya ce kawai.

A daminar da ake magana, zamanin soja ne, komai ya yi tsada, rigunan kulob duk faci. Ranar wata Talata ana cikin atisaye sai ga farar Fijo ta tsaya a bakin fili. Mustapha ne ya fito, tsohon ɗalibin Malam Jalo, wanda yanzu yake sakataren ƙungiyar zari-ruga ta jiha. Ya durƙusa ya gaida malaminsa, ba laifi, yaron akwai ladabi.

"Malam, albishirinka. Turawan da ke kula da wasan nan a ƙasarsu sun ce za su aiko mana da kaya da mai horarwa, amma sai sun ga wasan ya tsallaka wata ƙasa. Kwamiti ya yanke shawara, ranar Asabar za mu tafi Yamai mu nuna musu. Ɗaliban jami'a da muka tattaro a harabar Kongo, nan Zariya, za su zama ɓangare guda, yaranka su zama ɗayan."

"'Yan Gyallesu fa?"

"Haba Malam! Mahauta da makanikai? Su je su karya ɗan wani a ƙasar mutane?"

Malam Jalo ya so ya yi dariya, amma sai maganar Asabar ta dawo masa. "Wace Asabar ka ce?"

"Wannan mai zuwa. Kuma da turakun za mu tafi, can ba su da su. Mota za ta zo ta ɗauka."

"Asabar ɗin nan ce gayyar Hajiya Uwa. Kai ma ka sani, Mustapha. Da hannunka ka yi noman nan."

"Malam, don Allah a duba. Shekara nawa muna wasa unguwa biyu, mu ci su, su ci mu? In ba mu fita ba wasan nan mutuwa zai yi a hannunmu. Duniya ta ci gaba, ba za mu tsaya kan gonar dawa ba."

"To in kun dawo daga duniyar, a ina za ku yi wasa? A kan rufin shagon Shehu?"

Mustapha ya ce ai Hajiya uwa ce, za ta ɗaga ranar. Malam Jalo ya san ba za ta ɗaga ba, amma duk da haka washegari ya je ya yi sallama a soro. Tsohuwa ta fito da carbinta, ta saurare shi har ya gama.

"Jalo, na riga na jiƙa gero, na aika wa makaɗi, ciyawa kuma ta kusa rufe dawa. Ni ba na canza maganar mai gidan nan don ba ya raye. Fartanya goma sha uku, Asabar da safe. In babu, kada ka ga laifina."

Shehu na tsaye jikin ƙofa yana sakace, murmushi har kunne. Malam Jalo ya ji kamar ya kwaɗa masa mari, amma ya haɗiye, ya yi godiya ya fito.

Da la'asar ya tara yaran ya faɗa musu komai, bai ɓoye ba. Kyaftin ɗinsu Yakubu, ɗan dako ne daga ƙauye, wanda Malam Jalo ya tsinto a kasuwa yana gudu da buhun masara a ka, shi ne ya yi ƙarfin halin magana.

"Malam, wallahi ban taɓa wuce Kaduna ba."

Shi ke nan abin da ya ce, ya sunkuyar da kai. Ran Malam Jalo ya ɓaci, ƙwarai kuwa, don a duk yaran nan babu wanda yake ji da shi kamar Yakubu. Amma me zai ce wa yaron da aka nuna wa hanya? Ya ɗaga hannu kawai.

"Ku je. Allah ya tsare. Ban riƙe kowa ba."

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci motar ɗaukar turaku ta zo da leburori da diga. Suka tarar da Malam Jalo ya shimfiɗa buzu a gindin turke, ya jingina, ya miƙe ƙafa. Mustapha ya yi lallashi, ya yi magiya, ya kawo sunan kwamiti, Malam ko gezau.

"Yara suna da ƙafa, sun ce za su, na sallame su. Turakun nan ba su da ƙafa, kuma ba inda za su. Wanda zai haƙa, ya fara da ni."

Leburori suka dubi juna. Rabinsu shi ya koya musu baƙi da wasali a aji ɗaya. Suka mayar da diga mota, Mustapha ya tafi yana cewa can sa nemi gora su kafa.

Turaku sun tsira, amma ina amfanin turke babu fili? Malam Jalo ya naɗe buzunsa, ya hau kekensa. Ya bi gidajen tsofaffin 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya koma Kaduna da aiki, wancan ciwon baya, wani kuma ya yi tumbi har ba ya ganin yatsun ƙafarsa, ya ce sai dai ya biya a yi masa. Hajiya kuwa ba ta karɓar ɗan ƙwadago a gayya, kowa ya sani. Da ya fito daga gida na ƙarshe sai ya tsaya a bakin titi, ya daɗe yana tsaki shi kaɗai. Sannan ya juya kan keke ya nufi Gyallesu.

Bahago na kwance ƙarƙashin wata tsohuwar akori-kura, ƙafafunsa kawai ake gani. Da ya ji sallama ya jawo jiki ya fito, baƙin mai har gira. Ya dubi mai sallama sama da ƙasa.

"Ikon Allah! Yau Mai Giɓi ne a garejina? Sauran haƙoran ka kawo?"

Malam Jalo ya tsaya a kan ƙafarsa ya faɗi abin da ya kawo shi, tiryan-tiryan, har da maganar mahauta da makanikai. Bai roƙa ba, bai kuma yi fahariya ba.

"Gobe in babu fartanya goma sha uku, fili ya tafi. Na zo ne don ka ji daga bakina."

Bahago ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa. "To na ji. Matsa min, aiki nake yi." Ya koma ƙarƙashin mota.

Kunya ta kama Malam Jalo har ya rasa inda zai sa kansa. Ya tura kekensa da hannu har Ƙofar Doka, yana zagin kansa da ya je.

Asabar da sassafe motar 'yan wasa ta tashi, ana waƙa ana buga jikin mota. Malam Jalo bai je rakiya ba. Ya saɓa fartanyarsa ya nufi gona shi kaɗai. Hajiya Uwa na zaune gindin ɗorawa da ƙwaryar kunu a rufe, makaɗi na gefe ya rungume gangarsa yana hamma. Shehu kuwa har da magini ya zo, da igiyar awo a hannu, don kada a ɓata lokaci.

"Malam, kai kaɗai?" in ji Shehu. "Ai da ka huta."

"Ɗan nan, ban zo hira ba."

Malam Jalo ya tuɓe riga ya rataye, ya kama kunya ta farko ya duƙa. Ya san fartanya ɗaya ba za ta hana komai ba. Amma ya rantse a ransa, in za a karɓe filin nan, sai dai a karɓe shi yana duƙe yana noma, kada wani ya ce Ƙofar Doka ba ta zo ba.

Bai kai tsakiyar kunya ba ya ji wata ƙara kamar ana jan garwa a kan dutse. Akori-kurar nan ce ta jiya, tana tafe tana tari, hayaƙi baƙi ƙirin a bayanta. Ta tsaya, ƙarti suka fara dirowa, kowa da jar rigar Gyallesu da fartanya a kafaɗa. Bahago ne ya sauko daga ƙarshe, yana ɗingishi.

"Mu goma sha biyu ne," ya ce da ƙarfi don kowa ya ji. "Kai ne cikon na sha uku, Mai Giɓi, kada ka ce za ka tsaya gefe kana ba da umarni. Kuma kada ka ɗauka don kai na zo. In filin nan ya tafi, wa za mu riƙa lallasawa?"

Shehu ya yi tsalle ya dire gaban uwarsa. "Hajiya, wannan ai maguɗi ne! Waɗannan ba 'yan kulob ɗin ba ne, dubi rigunansu!"

Tsohuwa ta ɗaga yatsa tana nuna su ɗaya-ɗaya, leɓenta na motsi, har ta kai kan Malam Jalo. "Ni fartanya nake ƙirgawa, ba riga ba. Sun cika. Kai makaɗi, barci ka zo yi?"

Ganga ta tashi. Wayyo, ranar an ga noma! Mahautan nan da makanikai suka shiga dawa kamar abin gaba, wasu ma ba su iya ba, sai Hajiya ta riƙa yi musu tsawa kada su sare mata shuka. Bahago ya kama kunyar da ke kusa da ta Malam Jalo, da gangan. Tsofaffi biyu, gumi na zuba, baya na ƙara, babu mai yarda ya miƙe kafin ɗan'uwansa.

"Ka gaji ne, Malam?"

"Uban wa ya gaji? Kai dai ja gurguwar ƙafarka."

Kafin azahar gona ta yi fes. Shehu ya naɗe igiyarsa ya sallami magini ba tare da ya yi wa kowa sallama ba. Aka sha kunu, Malam Jalo da Bahago ludayi ɗaya, don ludayin bai isa ba. Da la'asar kuma suka raba kansu shida da bakwai suka buga wasa a filin, Malam Jalo ya sha ƙasa har sau ba adadi, ya koma gida Asabe matarsa tana gasa masa baya tana faɗa.

Bayan kwanaki 'yan Yamai suka dawo, kuma gaskiya tafiya ta yi kyau. Jama'a sun taru, an yi tafi, an ɗauki hoto. Sai dai Yakubu bai dawo ba. An riƙe shi can ya koya wa yaransu, an ba shi ɗaki da abin yi. Malam Jalo ya ce Allah ya sa alheri, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ranar bai fita atisaye ba. Ya yi kewar yaron, kuma bai ɓoye wa kowa ba.

Ana nan sai ga farar Fijo ta sake tsayawa a bakin fili. Mustapha ya durƙusa, gaisuwar ta fi ta kullum tsawo.

"Malam, mutanen Yamai za su zo ramuwar ziyara. Har da Bature zai zo ya gani da idonsa. To mun duba duk jihar nan, babu fili mai turaku sai wannan."

"Ashe?"

"Wallahi, Malam."

Malam Jalo ya dubi turakun, ya dubi tulin yashin Shehu da har yanzu yake gefe. Ya taka zuwa inda kekensa yake, ya kwance fartanyar da ke ɗaure a baya, ya dawo ya ɗora ta a kan tafin hannun Mustapha, a kan farar shaddarsa.

"Ciyawa ta sake tasowa. Hajiya ta sa maimai ranar Asabar, kuma bana na ce mata mu za mu yi. Ka zo da kwamitinka."

Mustapha ya dubi fartanya, ya dubi malaminsa. "To Baturen fa, Malam?"

"In ya iso kafin Asabar, Bahago na da guda ta aro."