Ranar da aka tuna da Nomau a radiyo

Ni Habu, tun ina saurayi nake buga wa Nomau gangar noma. Shi ke waƙa, ni ina kiɗa, mu bi gayya daga garinmu Dogo har Damagaram Takaya. Bara Allah ya yi masa rasuwa, ya bar matarsa Nana da ba ta da ko hotonsa, balle muryarsa. Kaset ɗaya tak ya rage, a wani ƙaramin gidan radiyo cikin Damagaram, wanda suka ɗauka a gona tuntuni.

Da shekara ta zagayo, Rashid, mai gabatar da shiri a radiyon, ya aiko a kira ni, wai za a tuna da marigayi. Ni kuma da shegen bakina, na tafi wurin Nana na ce ta tara mata ran Laraba da hantsi, za ta ji mijinta. Har rantsuwa na yi mata, ba wanda ya tambaye ni.

Ran Laraba na je da rigar salla. Rashid ya tare ni a ƙofa yana sosa ƙeya. Wai malaman unguwa sun zo wurin direktan radiyon sun ce kiɗa ya yi yawa, in ba a daina ba za su hana mutanensu saurare. An dai daidaita: murya zalla ta halatta, amma ban da ganga, ban da gurmi. Ya ce kada in damu, zai tsinto inda Nomau ke waƙa shi kaɗai ya saka.

Ɗan birni ke nan, bai taɓa riƙe hauya ba. A kiɗan noma ganga ba ta tsayawa, don in ta tsaya hauyoyi sun tsaya. Mawaƙi ya huta, ya sha ruwa, amma makaɗi ko numfashi ba ya ajewa, kuma da wannan nake alfahari duk rayuwata. Muka zauna muka bi kaset ɗin daga farko har ƙarshe. Ko'ina Nomau ya buɗe baki, ga ni nan ƙarƙashinsa ina dukan fata kamar an aiko ni. Ko taƙi ɗaya babu inda yake shi kaɗai.

Sai aka ce to in yi magana a kansa kawai. Aka zaunar da ni gaban makirfo, ga direkta tsaye bayan gilashi. Rashid, don ya wanke gidan radiyonsu, ya ce wa masu saurare yau suna tare da tsohon makaɗi wanda ya aje ganga ya tuba. Ni ciwon kafaɗa ne ya sa na aje ta, wallahi. Amma ya juyo ya ce, “Ko ba haka ba, Baba?”

Na dubi direkta, na tuna da liman ɗinmu da nake bi salla kullum, na ce, “Haka ne, alhamdu lillahi.”

Sauran shirin ban san me na faɗa ba. Na dai ce marigayi mutum ne mai son zumunci, kamar ba shi da wata sana'a a duniya.

Da la'asar na isa Dogo. Na so in wuce gida ta bayan gari, ƙafata ta ƙi. Na tarar matan sun watse, tabarmi na shimfiɗe, ga ƙwaryar fura da aka dama saboda baƙi an sha rabi. Nana na zaune da radiyon a cinya, a kashe. Na yi sallama, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fara kame-kamen malamai da direkta da kaset, ta bar ni har na ƙare.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta miƙo mini furar, ta ce, “Mun ji ka tuba, Malam Habu, Allah ya karɓa. To shi marigayi fa, da bai samu ya faɗi tasa tubar a radiyo ba?”