Madalla-Amma

'Yata ta fari ta koma makaranta da furfura a kanta, kuma ni ce na fara yi mata dariya. Ta daɗe a kan keken ɗinki a kamfanin da ke ɗinka kayan 'yan makaranta. Da shugaban ɗakin ɗinki ya yi ritaya, sai mai kamfani ya ce ta riƙe kujerar na wucin gadi, bisa sharaɗi biyu. Ta yi kwas na shugabanci da kula da ma'aikata, sannan ta fitar da rigunan wata babbar makaranta kafin yara su dawo daga hutu. In ta yi, kujera ta zama tata. In ta kasa, ta koma kan kekenta a gaban idon waɗanda ta fara ba umarni.

Ni kuwa ina da 'yar kujerata a bakin taga, ina ɗinka maɓalli. Zaman gida ne ya ishe ni, na ce ta samo mini abin yi. Wurin yana da haske, kuma duk abin da aka faɗa a ɗakin nan ta gabana yake bi.

Da can bakin 'yar nan tawa almakashi ne. In ɗinkinka ya karkace za ta ɗaga shi sama ta ce, "Wannan riga ce ko buhu?" A yi dariya, a farke, a sake. To sai malaminsu na kwas ya koya musu cewa ba a fara wa ma'aikaci da faɗa. A fara da yabo, a sa gyara a tsakiya, a rufe da yabo. A kaina ta fara gwadawa, muna zaune a tsakar gida.

"Inna, madalla da yadda kike sammako. Amma maɓallan nan naki sun fara kallon juna. Kuma ina jin daɗin yadda kike sa mutane dariya."

Na ce, "Ke, faɗa kike mini ko bikona kike yi?"

Ta ce, "Ilimi ne, Inna."

Na ce Allah ya ƙara basira.

Haka ta shiga da shi ɗakin ɗinki. Baba Mai Yanka, dattijon da ke fitar da yadi, shi ya fara sha. "Baba, madalla da tsabtar teburinka. Amma yadin da kake zubarwa ya yi yawa." Sai Mai Guga, wani ƙaton mutum da ba ya rufe baki: "Madalla da ƙoƙari. Amma ka ƙona aljihu." Ba a jima ba kowa ya gane hanyar. Da zarar ta ce madalla, sai ka ji kekuna sun rage gudu, ana jiran amma. Mai Guga ne ya raɗa mata suna Madalla-Amma, ya kuma fito da ma'auninsa.

"Ku saurara in karanta muku," in ji shi, yana fesa ruwa a kan wando. "Gajeren madalla, ƙaramin amma. Madalla matsakaici, za ka farke aikin yini. In kuwa ta yi maka dogon madalla har da murmushi, to fara laluben takalmanka."

Na so in gaya mata, amma sunan ya yi mini daɗi a kunne, na ce bari ya ɗan kwana.

Aiki dai yana tafiya. Ta kafa allo a bango, ta zana wanda zai yanka, wanda zai haɗa, wanda zai goge, da ranar da kowane sashe zai miƙa wa na gaba. Wannan kam na yaba, don an daina cin karo a bakin tebur. Inda aikin ya cije shi ne kwala. Kwalar rigar makarantar nan mai baki biyu ce, kuma mutum ɗaya ce ke fitar da ita ta zauna daram, wata da muke kira Doguwa. Hannunta zinariya, zuciyarta kuwa a kusa take. Ba ta gaisuwa sai ta ga dama.

A kwas an ce musu shugaba ba ya rungume komai shi kaɗai, sai ya ɗora wa wani nauyi ya kuma sakar masa. Sai 'yata ta yanke shawarar naɗa Doguwa mataimakiyarta, ta ba ta sashen kwala da mutanen da za ta koya wa. Ta gaya mini a gida, ta ce kada in faɗa wa kowa. Na riƙe da ƙyar, Allah shaida.

Da safe ta leƙo daga ofis ta kira Doguwa. Nan take na ga hasken taga ya yi mini yawa, na ja kujerata jikin ƙofar ofis. Ƙofar katako ce mara kauri.

"Zauna, Doguwa. Madalla da aikinki."

'Yata ta ci gaba:

"Wallahi tun da nake a ɗakin nan ban ga hannu irin naki ba. Kwalarki ko a shago aka rataye ta sai a tsaya kallo."

"To," in ji Doguwa.

"Ba kya makara. Ba kya ɓata zare. Ko ina kika je a garin nan za a karɓe ki hannu bibbiyu."

Na ji kujera ta motsa. 'Yata ba ta lura ba, ta ci gaba da zuba yabo, har ina jin murmushi a muryarta. Tana shirin isa ga albishir ke nan sai Doguwa ta katse ta.

"Yaya, ba sai kin ƙarasa ba. Na gode. Ni ba za a kore ni a gaban yara ba, da ƙafata zan fita."

Ta buɗe ƙofa har ta kusa ture ni, ta je kan kekenta ta zare almakashinta da tef ɗin awo, ta yafa gyale ta fice. Mai Guga ya ɗaga hannu sama ya ce a hankali, "Dogo ne. Har da murmushi."

'Yata ta fito tana rarraba ido. "Me ya faru? Me na ce mata?" Baba Mai Yanka ya sunkuya yana duba bakin almakashinsa kamar yau ya fara ganinsa. Kwaloli kuwa ga su nan tuli a kwando, ba wanda zai iya taɓa su, ga hutu ya kusa ƙarewa.

Na ja 'yata cikin ofis na rufe ƙofa. "Kin san sunanki a ɗakin nan?"

"Wane suna?"

Na faɗa mata, har da ma'aunin Mai Guga, ban rage ko wasali ba. Na zaci za ta yi kuka ko ta fita ta ci mutuncinsa. Sai ta zauna ta dafe kai, can kuma ta fashe da dariya.

"Ai malam ya faɗa," in ji ta. "Ya ce kowane ma'aikaci da irin kunnen da yake ji da shi. Ni ce na haddace rabin karatu na bar rabi." Ta miƙe ta gyara ɗankwali. "Doguwa ba ta yi nisa ba."

Gwiwar nan tawa da ke damuna ta warke nan take, na bi bayanta.

Muka sami Doguwa a wurin jiran mota, ta rungume jakarta ta juya wa titin kamfani baya. 'Yata ba ta yi sallama ba, ta tsaya a gabanta ta riƙe ƙugu.

"Ke Doguwa, kin cika taurin kai. Ba kya gaisuwa. Ana magana kina katse mutum. Jiya kin sa yarinyar nan sabuwa kuka a kan zare."

Doguwa ta juyo. Wallahi a kan idona kafaɗunta suka sauko, kamar wadda aka sauke wa tulu.

"Ita ma ai ba ta ji ne," in ji ta.

"Ban gama ba. Kin kwashi almakashi kin fita lokacin aiki ba izini, kamar gidanku. Wannan shi ne halinki, kuma sai kin gyara shi, don mataimakiyata ba za ta riƙa yin haka ba."

"Wace mataimakiya?"

"Ke mana! Abin da na kira ki in faɗa miki ke nan, kika tashi kamar an tsikare ki. Sashen kwala naki ne. Ki zaɓi waɗanda za ki koya wa, ki tsara musu aiki, ba zan sa miki baki ba sai kin neme ni."

Doguwa ta dube ta, ta dube ni. "Inna, da gaske take?"

Na ce, "Kin ji ta yabe ki yanzu?"

"A'a."

"To da gaske take."

Mota ta zo ta tsaya, direba ya yi ta danna oda, Doguwa ba ta ko kalle shi ba. Ta ce, "Yaya, don Allah nan gaba in za ki ba ni abu, ki ba ni kawai. Kin kusa tsinka mini zuciya."

"Na ji. Ke ma in an fara magana ki bari a kai aya."

Muka dawo mu uku, ni a tsakiya. Doguwa ta ajiye jaka, ta zazzage kwandon kwala a kan babban tebur, ta nuna mutum uku da yatsa, har da yarinyar da ta sa kuka. "Ke, zo nan kusa da ni. Zan yi miki tsawa, kada ki damu, haka muryata take."

Rigunan suka fita tun yara ba su dawo ba, kowace kwala a zaune. Takardar kwas ma ta fito. Mai kamfani ya shigo da kansa, ya ɗaga riga ɗaya ya juya ta ciki da waje, ya ce wa 'yata a gaban kowa kujera ta zama tata. Ana ta tafi, Mai Guga yana buga murfin bokiti, sai Doguwa ta matso ta ja hannun rigarta.

"Yaya, tun da kin zauna da gindinki, fankar sashena ba ta juyawa. Yau nake so a gyara, ba gobe ba."