Amsoshin Bayan Littafi

Jan Biro ya ɗaga littafin, ya shafa bangon, sai murmushi yake kamar an yi masa albishir. Tsohon malamin lissafi ne. Ɗalibansa ne suka laƙaba masa sunan, kuma har ya yi ritaya jan biro bai bar aljihunsa ba. Littafin nan shi ya rubuta, amma wannan bugun na jabu ne. Ga su nan jibge a rumfar mai littattafai, takarda shara-shara, tawada tana kama yatsa.

"Baba, sata fa aka yi maka, kana murmushi!" in ji autarsa. Lauya ce, da ƙyar ta jawo shi kasuwar don ya gani da idonsa. "Izini kawai za ka ba ni. Mu nemi diyya a kotu, hukuma kuma ta kama wanda ya buga. Laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa."

"Ke Auta, duba rumfar nan da kyau. Littattafan lissafi nawa ne a duniya? Amma littafina suka zaɓa. Ƙyale su, yara su karanta."

Shi dai mutumin nan, a yabe shi ko da ta hanyar sata ce, ya gode.

Suna cikin haka sai ga wata mata a fusace, ta dangwarar da irin littafin a kan tebur.

"Karɓi kayanka!" ta ce wa mai rumfar. "'Yata ta yi aikinta daidai, ta duba amsoshin baya ta ga sun bambanta, ta goge nata ta kwafe nasu. Sifiri ta ci, a gaban aji! Wanda ya rubuta wannan ko ƙidaya bai iya ba."

Murmushin Jan Biro ya ɗauke. Ya buɗe shafukan baya, yana bi da yatsa. Ashe da ɓarayin suka sake buga littafin sun tsallake layi guda, duk amsoshin suka goce. Amsar tambaya ta biyar ta koma ta huɗu, haka har ƙarshe. Ga sunansa raɗau a bango. Ransa ya ɓaci.

"Baiwar Allah," ya ce, "ni na rubuta shi. Kuma wallahi na iya ƙidaya."

Matar ta kama baki. Mai rumfar ya fara rantse-rantse, wai shi ma kawo masa ake yi.

Jan Biro bai ko kalle shi ba. Ya zaro biron, ya duƙa a kan tebur, a tsakiyar hayaniyar kasuwa, ya bi amsoshin ɗaya bayan ɗaya yana gyarawa da ka. Da ya gama ya miƙa wa matar.

"Ki ce wa yarinya ita ce da gaskiya. Kada ta ƙara goge nata."

Sannan ya juya ga autarsa.

"Kin ce ana iya kwashe su duka a ƙona?"

"In kotu ta ba da umarni, har injin da ya buga su."

"To mu je. Diyyar ki yi yadda kika ga dama da ita." Ya mayar da biron aljihu. "Ni dai a kwashe su kafin jarrabawa."