Kibod ɗin Teburin Taga

Da Dogo ya zauna a teburinsa da safen nan, kibod ɗinsa marar waya ya ƙi shi ƙememe. Kwamfuta ta tashi lafiya, linzaminta na yawo, jerin sunayen direbobin da ya fara jiya yana nan a buɗe, amma duk harafin da ya danna sai ka ce dutse ya taɓa.

Ya yi duk abin da ya sani. Ya kifa shi, ya kashe ɗan makunnin ƙasa ya sake kunnawa. Ya sa sabon batir. Ya durƙusa ƙarƙashin tebur ya zare ɗan mitsitsin abin da ke karɓar saƙon kibod, ya hure shi, ya soka a wani ramin, har ya gwara kai da katako. Shiru kake ji. Ya kira mai gyara, aka ce sai da rana.

Sai ya zauna yana kallon allon da ya raba shi da teburin taga. A bayan allon nan sakatariya take, wadda wata takwas ke nan yana ce mata ina kwana yana haɗiye sauran. Mutum in ya sami kunnen da ba ya ji, bakinsa kan buɗe. Yatsunsa suka fara kamar wasa. Ya rubuta cewa tun daga matakala yake gane takunta. Ya rubuta cewa ba ya tashi haɗa shayi sai ta tashi, don kawai su tsaya tare gaban buta. Ranar da ta yi mura ma shi ya ajiye mata magani a kan fayil, ba masinja ba, kuma da ta gode wa masinja sai da ya yini zuciyarsa na suya. Ko ɗigo bai fito a fuskar kwamfutarsa ba, shi ya sa ya saki jiki yana ta zubawa.

Can sai ya ga sunan direba na ƙarshe yana raguwa, harafi bayan harafi, ba tare da ya taɓa komai ba. Na samansa ma ya bi.

Daga bayan allon ya ji muryar Manaja, dattijuwar da ba a cika ganin haƙoranta ba, tana tambaya ko wannan shi ne rahoton da aka kira ta ta duba. Sakatariya ta ce wallahi ba ta san daga ina yake fitowa ba, tana ta danna gogewa ya ƙi.

Dogo ya juya kibod ɗin. A ƙasansa an manna lamba uku, ta teburin taga, wadda ɗazu bai lura da ita ba, shi kuwa teburinsa huɗu ne. Mai shara kan tara su wuri guda in za ta goge tebura, kuma duk iri ɗaya ne. Ya ji ina ma ƙasa ta tsage.

Ba sunansa a rubutun, yana iya yin gum. Amma Manaja ta fara tambayarta da wa take irin wannan hira a lokacin aiki, ita kuma sai rantsuwa take ba mai gaskata ta. Ya miƙe da kibod ɗin a ƙirji, ya zagaya.

"Ranki ya daɗe, ni ne. Ita ba ta san komai ba. Na ɗauka ya mutu ne."

Manaja ta dube shi ta saman tabarau, daga takalmi har hula.

"To, ɗana, ga shi da ransa. Irin wannan magana a ƙofar gidan ubanta ake kai ta, ba cikin rahotona ba."

Wani a teburin baya ya ƙware da dariya ya mayar tari. Sakatariya ba ta ɗago ba. Ta turo masa kibod ɗinsa da ɗan yatsa, ta karɓi nata, ta ɗora hannu a kan gogewa. Yana tsaye yana kallo maganarsa ta wata takwas tana komawa baya layi-layi.

"Da ka tambaye ni tukuna," ta ce a hankali, idonta a kan rahoton, "kafin kowa ya ji."

Ya koma mazauninsa. Kibod ya kama aiki sarai. Da lokacin shayi ya yi ya ji ta ture kujera ta nufi buta, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana mayar da sunayen direbobi biyun nan.