Hayaƙi a Siton Dankali

Tun kafin babur ya gama tsayawa Yaya Babba ta diro. Takalminta ɗaya ya fita, ba ta ko waiwaye shi ba. Injin feshi na ta ruri a bakin siton ƙungiyar manoma. An rufe ƙofar, an liƙe gefenta da leda da salatif, wani ƙaton tiyo ya shige ta ramin da aka huda a ƙasa, farin hayaƙi yana tsiyaya ta inda liƙin bai kama ba.

"A kashe injin nan!" ta kwarara ihu. "Malam, da kai nake! Kashe shi!"

Auta, ƙaninta da ya tuƙo ta, ya jingine babur ya biyo ta yana haki. "Yaya, don Allah rage murya, jama'a na ji."

"Ka rufe min baki kafin in rufe maka shi. Ka gama yanka ni, kuma kai ne za ka koya min yadda zan yi ƙara?"

Abin da Auta ya yi ba shi da wuyar faɗa. Tun girbin bara hukuma ta fito da doka cewa manomi ba zai ƙara ajiye irin dankalinsa ba. Wanda zai shuka ya je ya sayi na kamfani mai lasisi. Jami'ai suka dinga shiga gida-gida, inda duk suka ga iri su tara shi a tsakar gida, su zuba masa fetur. Su kuwa Yaya Babba irinsu ja ne, mai kaurin ɓawo, daga hannun mahaifiyarsu suka gaje shi. Gonarsu a kwari take, ruwa na kwanciya, kuma ba irin da ke jure ta sai shi. Maƙwabcinsu da ya gwada na kamfani, ruɓaɓɓen ganye ya kwashe. Saboda haka ta ɓoye nasu a ɗakin bayan garken awaki, ta jera tsofaffin kwanukan rufi a kai.

A makon da ta tafi jinyar 'yarta asibiti, Auta ya ji ƙishin-ƙishin jami'ai na tafe. Sai dabara ta faɗo masa: ina za a ɓoye dankali in ba cikin dankali ba? Ya kwashe buhunan ya kai siton ƙungiya, ya cusa su can ƙurya bayan na sayarwa, ya dawo yana jin kansa gwani. Abin da bai lissafa ba, akwai doka ta biyu. Duk siton da ke ajiye dankalin ci, dole a busa masa maganin hana tsiro kafin a sabunta masa lasisi. Maganin kuwa aikinsa ke nan, ya kashe idon dankali. Na ci ya daɗe bai lalace ba. Na iri ya mutu murus, ko shekara zai yi a ƙasa ba zai fito ba.

Yau da safe ta dawo, ta ɗaga kwanuka ta ga wayam.

Mai feshin ya zame takunkumin fuskarsa zuwa haɓa. Gajere ne, gumi ya jiƙe masa riga. "Baiwar Allah, matsa baya. Wannan ba turaren ɗaki ba ne."

"Na ce ka kashe."

"In kashe? Kin ga wannan?" Ya nuna wani ɗan akwati da aka ɗaure a jikin injin, koren haske na ƙyaftawa a kansa. "Ɗan leƙen asirin ofis ne. Da na taɓa makunni kafin lokaci, labari ya isa gabansu. Su soke feshin, su ƙwace min lasisi. Motata na sayar na sayi injin nan, don sun ce tsohon bai cika ƙa'ida ba. Tsohon da ko tari bai taɓa yi ba! Ke wa ya aiko ki ki rufe min sana'a?"

"Akwai kayana a ciki."

"Kowa ma akwai kayansa a ciki. Shi ya sa ake kiransa sito."

A gindin katanga manoma ne tsaitsaye, sun fi yadda aka saba gani ranar feshi. Ba mai hira, ba mai dariya. Kowa ya zuba wa ƙofar ido kamar masu jiran a fito da gawa.

Ciyaman na ƙungiya ya ratso su da sauri, dattijo mai furfura, abokin mahaifinsu tun suna samari. Ya kama gefen mayafinta ya ja ta gefe.

"'Yar nan, na san abin da ya kawo ki," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kada ki furta shi. Ki rufa mana asiri."

"Ka sani, Kawu? Ka sani ka bari aka kunna?"

"Yaushe aka tambaye ni? Wata mai zuwa suka ce, jiya da yamma suka bugo waya wai an matso da shi. In kalmar iri ta fita daga bakinki a nan, za su garƙame siton nan da duk abin da ke ciki. Noman gari guda ne, ba naki ke kaɗai ba."

"To ni in shuka me? Takardar lasisi?"

"Ki sayi na kamfani kamar kowa."

"Kawu, ka san gonata. Ka taɓa shiga ka fito da takalminka a ƙafa? Na kamfani a wannan kwarin, ai gara in haƙa rami in zuba kuɗina in rufe, aƙalla ba zai yi wari ba."

Dattijon ya kau da kai. Ta ɗauka kunya ce.

Ta juya kan Auta. "Ina ka sa su?"

"Can baya, jikin bangon kwano, wajen da..."

"Malam!" ta ɗaga murya wajen mai feshi. "Hayaƙin nan daga ina yake fara cika?"

"Daga gaba mana. Fanka ke tura shi baya a hankali. Ke me ya dame ki da..."

Bai ƙarasa ba, ta riga ta zagaya. A bayan sito akwai famfo da tulin itacen da masu lodi ke girki da shi, gatari na kafe a jikin wani kututture. Ta fizge shi. Ta cire mayafinta ta tsoma a bokitin da ke ƙarƙashin famfo, ta naɗe hanci da baki, ta ƙulle a ƙeya.

"Yaya, wannan fa ɗauri ne a gidan yari," in ji Auta, muryarsa ta koma ta yara.

"Da ka tuna da ɗauri ranar da kake yi min wayo. Wane falle ne?"

Ya nuna da yatsa.

Sara na farko ya yi ƙara kamar an harba bindiga. Na biyu ya tsaga kwanon. Ta cusa bakin gatarin ta banƙare shi, ƙusoshi suka yi tsalle, wani wari mai ɗaci ya bugo ta har hawaye ya zubo. Amma hayaƙin nan baya bai yi kauri ba tukuna, tana iya ganin buhuna.

A gaba kuwa injin ya canza murya. Iska ta sami hanya, ɗan akwatin ya fara kuka, fii, fii, fii. Mai feshi ya zagayo a guje, hannuwa a ka.

"Wayyo, ta kashe ni! Haske ya koma ja! Ke wace irin masifa ce? Wa ya haife ki?"

"Wadda ta haife ni ce ta bar min abin da kake ƙonawa. Matsa!"

Ta sunkuya ta shige. Ciki duhu, zafi, ido na raɗaɗi. Ta laluba ta ji ƙullin igiyar da ta sani, ƙullin hannunta, ta ja buhun da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba, ta turo shi waje. "Karɓa, sarkin dabara!" Auta ya karɓa. Ta koma. Ta ciro wani. A na gaba hannunta ya faɗa kan buhun da ba nata ba, an ɗaure shi da tsumman atamfa. Ta ture shi don ta wuce, bakinsa ya buɗe, ƙananan dankali suka gangaro kan ƙafarta, kowanne kamar ƙwan kaza, zaɓaɓɓu.

Ba mai zaɓar dankali haka don a soya.

Ta taɓa na kusa da shi, an yi masa alama da shuɗin fenti. Iri. Na bayansa, an ɗinke da wayar lantarki. Iri. Duk layin bangon nan, daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Ta fito tana jan buhun da ya buɗe, tana tari kamar ƙirjinta zai tsage, ta janye mayafin. Manoma sun zagayo duka, sun yi cirko-cirko. Ta ɗaga buhun mai tsumman atamfa ta jefa a gabansu.

"Wannan na wane munafukin ne?"

Manoma suka kalli juna.

"Na ce na waye? Ko ku faɗa ko in mayar da shi in toshe ramin!"

Wata mata mai goyo ta yi gyaran murya. "Namu ne."

"Mai shuɗin fenti fa?"

Wani dogo da ake kira Mai Tarakta ya sosa ƙeya. "Ai ni na ɗauka ni kaɗai na yi wannan tunanin."

"Kai kaɗai!" Yaya Babba ta yi wata dariya marar daɗi. "Gari guda, ƙwaƙwalwa guda, ita ma ta Auta ce. Kun tsaya jikin katanga kamar gumaka ana kashe muku shukar baɗi, kowa na tsoron kada na kusa da shi ya kai ƙararsa. Ashe duk ɓarayi ne, ɓarayin kayan kansu! Kawu, kai kuma fa? Mai wayar lantarki?"

Ciyaman ya runtse ido. Sai kawai ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa wa na kusa da shi. "Ku ba ni ruwa in jiƙa hula."

Nan wuri ya hargitse. Mai Tarakta ya karɓi gatarin ya ɓalle falle biyu a lokaci guda. Wasu suka jiƙa riguna, wasu ɗankwali, aka yi layi daga cikin sito zuwa fili, buhu na wucewa hannu zuwa hannu, ana tari, ana zagi. Ana zagin doka, ana zagin wanda ya rubuta ta a ɗaki mai sanyi, ana zagin juna.

"A hankali, ɗan banza, za ka karya masa ido!"

"Naka ne ya fi nauyi, duwatsu ka haɗa da shi?"

Mai feshi ya zauna a kan kututture ya dafe kai. "Shi ke nan. Ni da ko tukunyar fure ban taɓa shukawa ba, ni zan fara shiga uku." Ya ɗago ya ga ba mai saurarensa. Ya yi tsaki, ya miƙe, ya je ya murɗe makunnin injin da kansa. Rurin ya mutu. "Tun da an riga an soke, me zan ƙona mai a banza? Ku ɗaga min nan, ku ba ku san ɗaukar kaya ba."

Da aka gama, buhuna sun cika filin bayan sito, a tsakar rana, ba abin da ya rufe su. Yaya Babba ta durƙusa gaban nata ta kwance na farko. Ta ɗauki dankali ɗaya ta juya shi ga haske. Idon ya yi baƙi, ya bushe, ta taɓa shi da farce ya zube kamar toka. Ta ɗauki wani, haka. Wannan buhun shi ne a sama, shi ya sha hayaƙin. Ta ture shi da ƙafa.

Ta kwance na ƙasa. Ɗan farin tsiro ne a idon, ƙanƙani, mai ruwa a jika. Ta duba wani, ta duba wani. Da rai.

"Zai ishi rabin gona," ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba.

Auta ya tsuguna kusa da ita. "Yaya, ni fa taimako na yi niyya."

"Na sani. Shi ya sa har yanzu kake da haƙora. Kawo babur, mu kwashe kafin su..."

Ƙarar tayoyi kan tsakuwa ta katse ta. Kowa ya daskare. Ba farar motar jami'ai ba ce da aka sani. Wata doguwar baƙar mota ce, ba rubutu a jikinta, bayanta kuma babbar motar ɗaukar kaya, ba buhu ko ɗaya a cikinta, an sauke murfin baya tun kafin ta tsaya.

Mutumin da ya fito ba wanda ya taɓa ganinsa. Fes da shi, takalminsa bai san laka ba. Bai yi sallama ba, bai tambayi Ciyaman ba, bai ko kalli ramin da ke jikin sito ba. Ya bi ta tsakanin buhuna yana leƙa kowanne yana wucewa, har ya zo kan jan. Nan ya tsaya. Ya sunkuya ya ɗauki ɗaya, ya ciro 'yar wuƙa daga aljihu, ya raba shi biyu, ya daɗe yana kallon cikinsa.

"Ajiye min kaya," in ji Yaya Babba.

Ya yi murmushi kamar ya tsinci ɗan'uwa a kasuwa. "Naki ne? Madalla. Mun daɗe muna neman mai shi, mun san feshin yau zai fito mana da shi." Ya goge wuƙar da farin hankici. "Ni ba daga hukuma nake ba, kwantar da hankalinki. Daga kamfanin iri nake. Wannan jan, mu muka yi masa rajista. A wurin doka yanzu namu ne, da shi da duk abin da zai haifa."

Ya ɗaga hannu. Daga bayan babbar motar, ƙarti suka fara dirowa ɗaya bayan ɗaya.

Yaya Babba ta miƙe tsaye a hankali, ta taka bakin buhun da ƙafarta marar takalmi.