Rigar da Na Kai Marina

"Ni ba zan hau kwale-kwale kamar lemo a tire ba," in ji Yaya Gaji. Ya wurgo mini rigar.

"Launin shi ne amfaninta, Yaya. Don a hango ka."

"Wa zai hango ni? Kifi? Jiya har da tafi aka yi mini a bakin kogi. Wai ango ya fito."

"Ka bar su su yi dariya."

"Kai ka yi boko. Ni shekara goma sha biyar gora ke ɗauke da ni a ruwa, ban nutse ba."

Rigar ceto ce, irin wadda ake ɗaurawa a ƙirji ta hana mutum nutsewa. Na sayo ta a Nguru, a kantin Cletus kusa da tashar jirgin ƙasa, a shekarar 1970 da na gama sakandare. Biyu ya nuna mini, kaki da mai ruwan lemo. Ya tambayi girman mai sawa, na ce ƙato ne. Ya miƙo mini mai kauri, ya sa na matsa ta da hannu. Ya ce audugar rimi ce a ciki, an rufe ta cikin jakunkunan roba, muddin ba su fashe ba tana ɗauke da mutum. Ya ce, "Ɗauki mai haske, ɗan'uwa. Ruwa ba ya nuna kaki."

Na ji. Har na rubuta a bayan littafi.

Sati biyu rigar tana rataye a ƙusa a gidanmu na Gashua, kogi kuwa sai cika yake. Matar Yaya, Yagana, ta same ni a zaure.

"Ƙanin miji, in launi ne matsalar, ba ga marina ba?"

Na ce a raina, gara rigar da ba a gani da wadda ba a sawa. Ni na kai ta da hannuna. Aka tsoma ta a baba sau uku, ta fito baƙa. Marinin mutum ne mai son aikinsa ya yi kyau, sai ya miƙa ta ga mabuga kamar kowace riga, suka buge ta har ta yi sheƙi. Ban ce a buga ba. Ban kuma ce kar a buga ba.

Yaya ya saka, ya juya gaban Yagana. "Yanzu ka yi magana, Malam Boko."

Ranar Talata da hantsi ya fita. Ya bar goransa a gindin bango, karo na farko.

Da azahar aka ga kwale-kwalen a kife. Jirage bakwai muka bi kogi. Kwana biyu. A wata kwanar kogi cikin ciyawa muka same shi, wurin da ni kaina na wuce sau biyu ina duba ruwa. Baƙi a kan baƙi.

Da aka kwance rigar sai da na sa hannu biyu na ɗaga ta. Na farke ɗinkin. Jakunkunan duk sun fashe, audugar ta sha ruwa ta cure.

Bayan addu'ar uku mutane suka ragu. Yagana ta fito, ta tsaya a gindin bangon. Ba ta dube ni ba, goran take kallo.

"Da mun bar shi da wannan," ta ce, "da ya dawo?"